Asabar Ɗin da Aka Kira Sunana a Lasifika

Na ga saƙonninku, ba don wulaƙanci na yi shiru ba. Masu tambayar ko an sa ranar biki, da masu cewa in turo hoton rigar amarya, da ke baiwar Allah da kika rubuto cewa in gudu tun ina da ƙafa, duk na karanta. Hannuna ne ya ƙi rubutu. Yau dai na zauna a bakin gado, shayina ya huce a kan taga, na ce ko me zai faru sai na faɗa muku, don in na ci gaba da haɗiyewa ƙirjina zai fashe.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Boróka, ana kirana Bori. Shekarata ashirin da shida, ina koyarwa a makarantar renon yara. Ina zaune da mahaifiyata Etelka, wadda nake kira Anyu, wato Mama a yarenmu, a wani ƙaramin gari a bakin kogin Tisza, irin garin da in ka yi atishawa a kasuwa sai a yi maka sannu a tashar jirgi. Anyu 'yar Sayantoloji ce, wani sabon addini mai darussan da ake biyan kuɗi a yi, tun kafin in yi wayo. Ita ke kula da 'yar cibiyarsu da ke saman bene a titin kasuwa, ɗakuna ƙanana da kantar littattafai da kujerun roba. A ƙasan benen kuwa shagon kek ne na iyayen Zalán. Zalán shi ne mai zoben da ke yatsana na hagu yanzu haka da nake wannan rubutu, kuma kada ku tambaye ni me ya hana ni cirewa.

Kada kuma ku tambaye ni ko na yi imani da abin da Anyu ta yi imani da shi. A ciki na buɗe ido. Na yi darussan, na zauna an yi min tambayoyi ina riƙe da gwangwanaye biyu na na'urar da suke auna mutum da ita, wasu abubuwan sun amfane ni, wasu kuwa gyaɗa kai kawai nake yi don a tashi. Abin da na tabbatar shi ne matar nan ita ta raine ni ita kaɗai, ita ke tashi ta ɗumama min safa a kan hita kafin in tafi makaranta.

A farkon kaka 'yan sanda suka yi wa cibiyar dirar mikiya. Da safe ne, na kai wa Anyu burodi da kofi, na tarar ana sauko da kwamfutoci da kwalaye ana jerawa a mota. Tana tsaye a bakin matakala da silifas ɗin cikin ofis a ƙafarta, ta rungume hannuwa, sai cewa take yi, "Ku yi a hankali da wannan, akwai gilashi a ciki." Daga baya aka tuhume ta da ajiye sirrin mutane ba bisa ƙa'ida ba, da matsa wa wasu tsofaffi su biya kuɗin darussan da ba su gane kansu ba. Ta ce ƙarya ne. Kotu har yau ba ta ce komai ba. Amma garinmu bai tsaya jiran kotu ba.

Tun daga nan kowace Asabar sai an taru a ƙofar benen. Wasu daga Budapest, babban birninmu, suke zuwa a jirgin safe, da usur da ganga da fuskokin roba. Waɗannan ba su dame ni ba, ban san su ba. Namu ne suka fi yi min ciwo. Mutumin da muke sayen barkono a wurinsa tun ina yarinya, na gan shi da kwali a hannu. Uwar wani yaro ɗan ajina, wanda na sha goge wa majina, ita ce ke ba da waƙa ana amsawa. Akwai kuma wata tsohuwa da ba ta ihu, tana tsayawa ne can gefe da hoton ɗanta, wanda ta ce ya daina yi mata magana tun da ya shiga. Ita kam ba na iya haɗa ido da ita, don na san ba ƙarya take yi ba.

Masu zuwa cibiyar suka ɗauke ƙafa. Kaɗan ɗin da suka rage ta ƙofar baya suke shiga, ta wajen kwandunan shara, sun ja hula har gira. Wani likitan haƙori a cikinsu ya rufe ɗakin aikinsa ya koma garin matarsa. Aka riƙa jifan tagogi da ƙwai. Wata rana aka watsa jan fenti a ƙofar bene, rabinsa ya sauka a gilashin shagon kek, mahaifiyar Zalán ta wuni tana kankarewa da wuƙar yanka burodi tana kuka. Mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da su ya daina buɗewa ranar Asabar gaba ɗaya. Tsofaffin matan da suka saba zama a shagon suna shan kofi suna gulmar surukansu suka koma wani wuri, wa zai so ya ci kek ana busa masa usur a kunne?

Ni ma abin bai bar ni ba. Shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta zuba min ruwa a kofi.

"Ba korarki nake yi ba, Bori. Hutu ne."

"Hutun me? Ban gaji ba."

"Iyaye suna magana. Wai ba su san me kike faɗa wa yaran ba."

"Waƙar agwagwa nake koya musu."

Ta kalli tebur. "Na sani. Ki bari ƙurar ta lafa."

Na kwaso silifas ɗina da kofin shayina a leda na fito, yara suna ɗago min hannu ta taga suna zaton kasuwa za ni.

To a cikin wannan hali ne Piroska néni, wato Goggo Piroska a yarenmu, mahaifiyar Zalán, ta gayyace ni cin abincin rana na Lahadi. Na sa shuɗiyar rigata mai ɗigo-ɗigon fari, wadda ta taɓa yabawa, na ɗaure gashina baya, na sayi furanni a hanya. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai aikin hannu, wanda ba a fito da shi sai da dalili. Miyar kaza da siririyar taliya tana tururi, hoton Maryamu yana kallonmu daga bango.

"Ci mana, 'yata, kin zama kamar tsinken tsintsiya. Ko can saman benen an hana ku cin abinci ne?"

Na yi dariyar dole. Zalán ya sunkuyar da kai yana juya cokali.

Sai da na kai loma baki ta ajiye nata cokalin. "Jiya tire-tire na kek na zubar. Da hannuna. Shagon nan kakan Zalán ya buɗe shi, yaƙi bai rufe shi ba, amma ga shi uwarki za ta rufe."

"Ba ita ke kiran mutanen ba, Piroska néni."

"Ba ita ke kiransu ba, amma don ita suke zuwa. Ni ba doguwar magana zan yi ba. Ki hau Fesbuk, da sunanki da hotonki, ki rubuta cewa ba ruwanki da su. Ki kwaso kayanki ki dawo nan, ga ɗaki a sama babu kowa. A ɗaura aure a coci kamar na mutane. Shi ke nan fa, ban nemi jininki ba."

"Uwata ce."

"Ni ma uwa ce. Ko kin ga alamar daga bishiya na tsinko shi?"

Na juya na kalli Zalán. Ku da kuka san soyayya kun san irin kallon nan, na cewa yi magana mana, ko kalma ɗaya. Ya miƙa hannu ya ɗauki gishiri.

A motar shago da zai mayar da ni gida na kasa daurewa. "Bakinka ciwo yake?"

"Bori, in na yi magana a gabanta wuta zan ƙara wa fetur."

"Sai ka bar ni ni kaɗai ta gasa ni?"

Ya kamo hannuna ya ɗora a kan gwiwarsa, hannunsa yana ƙamshin kirfa kamar kullum. "Ki ba ni lokaci kaɗan. Zan gyara komai, na yi miki alkawari."

Kuma na yarda. Me zai hana in yarda? Shi ne fa kaɗai a duniya ya san maganar Apu.

Apu mahaifina ne, sunansa Vilmos. Da tare suke zuwa cibiyar da Anyu, ina 'yar firamare ya ce ya gaji, ya fita, ya riƙa faɗar maganganu a kansu a mashaya. Anyu ta yanke hulɗa da shi ƙat, ta cire hotunansa daga bango, aka daina ambatonsa a gidanmu. Na girma ina jin kamar ya mutu ba a nuna min kabari ba. Shekara biyu da suka wuce na nemo shi da kaina. Na same shi a wani ƙauye a gangaren kogi, yana kiwon zuma, gashinsa ya yi fari fat. Tun daga lokacin Zalán ke kai ni wurinsa, mu ce wa Anyu mun tafi sayo tuffa don shago. Apu ya dafa mana miyar kifi mai jan barkono, ya zauna yana kallona ina ci. Na roƙe shi abu ɗaya, kada Anyu ta sani, don a wurinta wannan ya fi mari. Ya dafa ƙirji ya ce ko a gadon mutuwa ba zai faɗa ba. Ban ɗauki abin laifi ba, har yanzu ma ban ɗauka ba. Ina da uwa, ina da uba, ina son in riƙe su duka, shi ke nan.

Da na shiga gida ranar na tarar da Anyu tana guga a falo, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Ta rame, rigar sanyinta mai ruwan toka ta yi mata yawa.

"Me suka ba ki?"

"Miyar kaza."

"Me suka ce?"

"Ba komai."

Ta kife dutsen guga. "Piroska ta je wurin mai benen ta ce a tashe mu. Kin sani?"

"Shagonsu ne ke mutuwa, Anyu."

"Ni kuma me nake yi, rawa? Bori, ba zan zaɓa miki miji ba. Amma ki lura da mutumin da ake zagin uwarki a gabansa yana shan miya. Babanki ma da shiru ya fara."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa, raina a ɓace, ina cewa a zuciyata ba ta san Zalán ba. Ni ce na san shi. Hmm.

Ranar Juma'a da yamma ina wanke kwanuka wayata ta yi ƙara.

Zalán: Gobe da hantsi ki zo shago. Ta ƙofar gaba.

Ni: Gaba? Ka manta gobe Asabar?

Zalán: Ban manta ba. Na gaji da ɓuya.

Ni: Me kake shiryawa?

Zalán: Ki sa koren kwat ɗinki, ya fi yi miki kyau.

Ni: Zalán, tsoro nake ji.

Zalán: Ki yarda da ni kawai.

Ya haɗa da hoton zuciya. Na tsaya da kumfa a hannu ina murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Kun san me na ɗauka? Na ɗauka zai fito ne a gaban jama'a ya riƙe hannuna, ya ce wannan ce matar da zan aura, wanda bai so ba ya sha ruwan Tisza. Har na tsara abin da zan ce wa Anyu daga baya: kin gani ko?

Da safe Anyu ta riga ni fita, don ko mutum ɗaya ba zai zo ba sai ta buɗe cibiyar ta shayar da furanninta. Na yi wanka a nutse. Na sa baƙin siket da farar riga mai maɓallan lu'ulu'u, na saki gashina, na shafa jan baki kaɗan. Na ɗora koren kwat ɗin, mai babbar kwala, na ɗaura bel. Na tsaya gaban madubi na juya hagu na juya dama. Amaryar da ba ta san inda za a kai ta ba.

Tun daga kwanar gidan waya nake jin gangar. Ranar sun fi kullum yawa, har da motar gidan talabijin. Ganyayen bishiyoyin titi sun zube sun jiƙe, ƙafata tana santsi, na daure na miƙe kaina na ratsa ta gefen taron ina neman fuskar Zalán a ƙofar shago. Ba ya nan.

Sai gangar ta tsaya. Lasifika ta yi ƙara, wani ya yi gyaran murya.

Na gane muryar tun kafin in juya.

Apu ne. Yana tsaye a kan bencin da ke gaban shagon mai agogo, sanye da jaket mai ruwan ƙasa da ni na saya masa. A hannu ɗaya lasifika, a ɗayan babban hotona ina ƙarama, ina zaune a wuyansa a bakin kogi.

"Ga ta can," ya ce. "Mai koren kwat. Boróka! 'Yata ce, ita kaɗai gare ni."

Taron ya juyo gaba ɗaya. Wayoyi suka tashi sama.

"Tana ƙarama aka raba ni da ita. Ban ga ranar da ta gama makaranta ba. Amma jini ba ya ɓuya, ta nemo ni da ƙafarta. Shekara biyu ke nan tana zuwa wurina a ɓoye kamar ɓarauniya, saboda tsoron uwarta da mutanen da ke saman benen nan. Yau ta gaji da ɓuya. Yau ta zo ta tsaya tare da mu."

Aka ɓarke da tafi. Wata mata da ban taɓa gani ba ta rungume ni tana cewa, "Kin tsira, 'yar nan, kin tsira!" Mai barkono yana share hawaye. Ni kuwa abu ɗaya na yi, na ɗaga kai sama.

Anyu tana tsaye a taga, da butar shayar da furanni a hannu. Ba ta kallon Apu, ba ta kallon taron. Ni take kallo. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Ta daɗe a haka, sannan ta saki labule.

Aka riƙa tura ni gaba har na isa gindin bencin. Apu ya sunkuyo yana murmushi da hawaye, ya miƙo min lasifikar. "Faɗa musu, 'yata. Kada ki ji tsoro."

"Apu, ka yi min alkawari."

Ban san bakina yana kusa da abin ba. Maganar ta fita ta cika titi. Wurin ya yi tsit.

Murmushinsa ya ɗauke. Ya sauke lasifikar ya matso da bakinsa kunnena. "Zalán ya ce ke kika aiko shi. Ya ce kin ce in zo in fara, ke za ki ƙarasa. Shi ya ɗauko ni da safe." Ya kalli fuskata sosai. "Bori. Ba ki sani ba?"

Na ja da baya. Na ture hannun matar da ke riƙe da ni, na kutsa cikin shagon kek, na wuce kanta, na banka ƙofar kicin.

Yana nan. Yana tsaye gaban tebur da farin ƙyallen aiki ɗaure a ƙirji, hannuwansa cikin ƙullu har gwiwar hannu. Wai aiki yake yi. Piroska néni tana gefe tana jera tire.

"Koren kwat," na ce. "Ya fi yi min kyau ko?"

"Bori, tsaya ki ji."

"Don su gane ni daga nesa. Don mai kyamara kada ya sha wahala."

"Ki saurare ni minti ɗaya."

"Ka yi wa tsoho ƙarya, ka ɗauko shi daga cikin zumarsa ka ɗora shi a benci. Ka yi min ƙarya. Uwata tana taga, Zalán! Tana taga!"

Ya zare hannuwansa daga ƙullun yana gogewa. Idonsa ya yi ja, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba idon mugu ba ne. Idon mutumin da ya yarda alheri ya yi.

"Da kanki ba za ki taɓa iyawa ba," ya ce. "Na zuba miki ido shekara biyu kina ɓuya a kujerar mota duk lokacin da muka wuce wani da kika sani. Kina kuka a hanyar dawowa. An kore ki daga aiki, ana tofar da yawu in kin wuce. Har yaushe? Har ki tsufa kina sayen tuffar ƙarya?"

"Sirrina ne. Nawa. Ni ke da ikon faɗa."

"Kuma ba za ki faɗa ba har abada."

Piroska néni ta sa baki. "Yanzu ai gari ya san ba ruwanki da su. Maimakon ki gode masa."

"Da ke aka shirya?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Ni na goge wa babanki riga."

Na kalle su su biyu. Na ji dariya tana taso min, irin wadda ta fi kuka muni. Na matsa kusa da shi har ina jin ƙamshin kirfar nan da na saba so.

"Kalle ni. Akwai wani abu kuma da ka yi don ka cece ni? Faɗa min yanzu, in haɗa in haɗiye gaba ɗaya."

Bai ko ƙifta ido ba. "Babu. Na rantse da kabarin kakana, wannan kaɗai ne."

Na fita ta ƙofar baya, ta wajen kwandunan shara, hanyar da na saba.

Anyu ta dawo gida da la'asar. Ta cire takalmi, ta rataye jakarta, ta shiga kicin ta dafa dankali da barkono. Ta ajiye faranti biyu. Na zauna na ce, "Anyu, bari in yi miki bayani." Ta tura min burodi. Na ce, "Ban san zai zo ba, na rantse." Ta tashi ta wanke farantinta. Ba zagi, ba kuka, ba tambaya. Haka muka wuni Lahadi ma, tana yi min komai ban da magana. Har safata ta ɗora a kan hita.

Bidiyon kuwa ya zaga gari kafin rana ta faɗi, an yanke wurin da na ce ya yi min alkawari. Shugabar makaranta ta turo saƙo: Iyaye sun gani, sun ji daɗi sosai. Ki dawo aiki cikin makon nan, jarumarmu. Wata 'yar cibiya da ta san ni tun ina goye ta turo nata: Allah ya isa tsakaninki da uwarki. Apu ya yi ta kira, na kasa ɗauka. Zalán ya turo saƙonni har na daina buɗewa. Na ƙarshe da na gani cewa ya yi: Wata rana za ki gane don ke na yi.

Kuma bari in faɗa muku gaskiya, ko za ku zage ni. Zuwa yammacin Lahadi zuciyata ta fara nema masa uzuri. Ina cewa wauta ce, son da yake min ne ya rufe masa ido, uwarsa ce ta zuga shi. Har na fara tunanin irin wahalar da zan ba shi kafin in yafe.

Yau Litinin da safe ina ɗaki wayata ta yi ƙara. Lauyar Anyu ce, Hajnalka, mace mai kaifin baki da ba ruwanta da addinin kowa.

"Boróka, ke kaɗai ce a wurin?"

"Ina ɗakina. Lafiya?"

"An ba ni damar ganin bayanan shaidu. Da rana zan zo in zauna da mahaifiyarki, dole in faɗa mata. Amma ina son in ji daga bakinki tukuna. Kin san saurayinki shaida ne?"

"Shaidar me? Abin da ya faru ranar Asabar?"

"Wace Asabar? Tun kafin a yi samamen ya kai kansa wurin 'yan sanda. Ba kiransa aka yi ba, shi ya je."

Na zauna a ƙasa, ban san lokacin da na zauna ba.

"Shi ya faɗa musu akwai kabad a bayan kantar littattafai, da inda ake ajiye makullinsa. Shi ya ba su sunayen tsofaffin nan, ya ce an sha kiransu a waya har sun yi kuka. Aka tambaye shi ta yaya ya sani, tunda bai taɓa wuce falon cibiyar ba." Na ji ta juya takarda. "Ya ce ke kika faɗa masa."

Na faɗa masa. Ni na faɗa masa. Ba a zama ɗaya ba, ba da wata manufa ba. A mota, a hanyar dawowa daga wurin Apu, kaina a kafaɗarsa, ina zuba kamar yadda kowace mace ke zuba wa wanda za ta aura. Yau Anyu ta manta makulli a tukunyar fure. Yau wata tsohuwa ta ba ni tausayi. Yana tuƙi yana cewa, "Uhm, sai me ya faru?" Ni kuwa ina jin daɗi na samu namiji mai sauraro.

"Boróka, kina ji na? Suna son su kira ki ki tabbatar. In kika tabbatar, da bakinki za a ɗaure ta. Ki faɗa min gaskiya, tare kuka shirya?"

Sai ƙararrawar ƙofar shiga gidanmu ta ƙasa ta kaɗa. Na fito falo da wayar a hannu, lauya tana ta kiran sunana a ciki. Anyu ta riga ni isa wurin na'urar da ke jikin bango, wadda ake magana da mai ƙofa ta ita, ta danna.

Muryarsa ta fito, a tausashe, da ladabin nan nasa, ya fara da gaisuwar da muke yi wa manyan mata. "Na sumbaci hannunki, Etelka néni. Zalán ne. Na kawo muku burodi mai zafi. Don Allah ki buɗe min, ina son in nemi gafararki ido da ido."

Anyu ta ɗora yatsa a kan maɓallin buɗe ƙofa, ba ta danna ba. Ta juyo ta dube ni, ba ta san komai ba tukuna, ba ta san me ke cikin wayar da ke hannuna ba. Karo na farko tun ranar Asabar ta buɗe baki ta yi min magana.

"Naki ne, Bori. In buɗe masa?"